Daga 'Yan Bindigar Kwasau Zuwa Dogaran Fada: Yadda Aka Kwance wa Dakarun Zazzau Ɗamara

Da Sarkin Zazzau Yero ya rasu a 1897, Wazirin Sakkwato Buhari ya zo Zariya naɗin magaji. Al'ada ta ba shi ta cewa, amma bindiga ta fi shi baki. Yero ya bar rundunar 'yan bindiga, akasarinsu bayi, kuma ɗansa Kwasau ya gaje su tun kafin ya gaji karaga. Da ƙarfinsu ya tsaya kai da fata, har Waziri ya naɗa shi.

Me ya sa sarki zai tara irin waɗannan mutane alhali yana da Madaki da Galadima da mayaƙansu? Dalilin yana cikin birni. Gidajen sarauta huɗu ne, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma kowane sarki ya san akwai 'yan sarki masu jiran gado a bayan katangarsa. Hakimi yana da dangi da ƙasa da burin kansa. Bawan da aka miƙa wa bindiga kuwa, cinsa da suturarsa da mutuncinsa duk a hannun mutum ɗaya suke. Wannan lissafin ne ya haifi rundunonin tsaron fadar shugabanni a zamaninmu, kuma aibinsa ɗaya ne: wanda ke tsaron ƙofa shi ke zaɓar mai shiga. Maƙwabtanmu na Nijar sun gani a 1999, da masu tsaron Ibrahim Ba'are Mainasara suka kashe shi, suka sake gani ranar 26 ga Yuli 2023, da Janar Abdourahamane Tchiani ya tsare Mohamed Bazoum a fadarsa.

A Zazzau ba teburin sulhu ne ya rushe rundunar ba. Hare-haren Nagwamatse na Kwantagora suka sa Kwasau ya nemi agajin Turawa, suka shigo a 1902, ba da jimawa ba suka tuɓe shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Aliyu Ɗan Sidi da aka naɗa a 1903 ya karɓi sarauta bisa sharaɗin da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya gindaya wa sarakunan Arewa duka: babu sarkin da zai sake riƙe mayaƙa. Sharaɗin mai nasara ne a kan wanda aka ci da yaƙi, amma ya yi aiki ta fuska ɗaya. Tun daga lokacin bindiga ba ta sake naɗa sarki a Zazzau ba. Ko takaddamar da ta biyo bayan naɗin Ahmad Nuhu Bamalli a 2020, kotu aka kai ta.

Sai dai an karɓe makami ne, ba a taɓa igiyar biyayya ba. Dogarai suka zama masu kama ɓarayi da rakiyar haraji, daga baya aka kafa 'yan doka masu kaki a ƙarƙashin En'e. Umarni daga fada yake fitowa, albashi daga baitulmali. Da siyasar jam'iyyu ta zo a shekarun 1950, sai ƙarfin nan ya samu sabon aiki: hana taro, kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, gurfanar da su gaban alƙali. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, ta sha ɗauri a wannan zamani. A ganina nan ne rushewar farko ta gaza, domin talakan da kulki ya fasa wa kai bai ga ribar kwance ɗamarar ba. Sai a ƙarshen shekarun 1960, zamanin Yakubu Gowon, aka haɗe 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan Nijeriya, umarni da albashi suka bar fada gaba ɗaya.

Inda aka rubuta alƙawarin rushe irin wannan runduna a takarda ma, jan ƙafa ake yi. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Guwatemala ta 1996 ta tanadi rushe rundunar sojan fadar shugaban ƙasa, amma sai 2003 aka cika, kuma a tsakani aka kashe Bishop Juan Gerardi a 1998, kisan da kotu ta samu wasu jami'an rundunar da hannu a ciki. Burkina Faso kuwa sai da rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa, RSP, ta yi yunƙurin juyin mulki a Satumban 2015 aka rushe ta.

Dogarin da ke Ƙofar Fada a yau, da jan rawani da riga mai ja da kore, bulala ce a hannunsa. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ranar hawan salla hayaƙi take tayarwa, yara su toshe kunne, dawaki su zabura. Wannan ci gaba ne na gaske, bai kamata a raina shi ba.

Amma an biya farashi. Ɗan doka ya san lungunan Kwarbai da Limancin Kona, ya san ɗan gidan wane ne ya kwana a waje. Ɗan sandan da aka turo daga wata jiha bai san su ba, kuma wannan giɓin ne 'yan banga ke cikewa. Shi ya sa kiran a kafa 'yan sandan jihohi ke samun masu saurare a Zariya. Duk dokar da za ta kafa su, ya kamata ta cire ɗaukar aiki da ƙarin girma da kora daga hannun gwamna shi kaɗai, ta kuma buɗe wa wanda aka zalunta ƙofar kai ƙara wadda ba ta bi ta gidan gwamnati ba.