Kujeru Biyu, Mutum Ɗaya: Darasin Kaɗaici A Fina-finan Katun

Da yawanmu mun ɗauka katun abin yara ne kawai. Alhali kuwa akwai waɗanda ke ba da labarin ƙauna da kewa, har babba ya kalla jikinsa ya yi sanyi.

Mu duba fim ɗin Up, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2009. A farkonsa, cikin kamar minti 4 kuma ba tare da magana ba, an nuna zaman auren Carl da Ellie tun daga ranar biki har tsufa. Ba su sami haihuwa ba. Suna tara kuɗi a kwalba domin su ziyarci Kudancin Amurka, amma yau tayar mota ta fashe, gobe rufin gida ya lalace, sai a fasa kwalbar. Ellie ta rasu ba su je ba. Carl ya komo gida shi kaɗai, ga kujerunsu biyu a falo. Ba sai an gaya wa mai kallo yana kewa ba.

Haka ma WALL-E na 2008. Wani ɗan inji ne mai tattara shara, wanda ya shekara 700 yana aiki a duniyar da mutane suka gudu suka bari, ba shi da aboki sai kyankyaso. Da dare yakan kalli tsohon fim inda saurayi ya riƙe hannun budurwa, sai shi ma ya haɗa hannuwansa biyu.

Masu shirya waɗannan fina-finai sun gane cewa mai kaɗaici ba ya cika magana. A ƙananan abubuwa ake gane shi.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Sabon Gari unguwar baƙi ce tun zuwan jirgin ƙasa Zariya, Samaru kuwa tana karɓar ɗalibai daga nesa tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Saboda haka majami'unmu cike suke da waɗanda danginsu ke nesa. Akwai dattijon da matarsa ta rasu, wanda yakan daɗe a benci bayan an tashi sujada. Akwai ɗalibar da ba ta zuwa gida hutu. Akwai matar da mijinta ke aiki a wani gari. In ka gaishe su, "lafiya lau" za su ce.

A Farawa 2:18, kaɗaicin mutum ne abu na farko da Allah ya ga bai yi kyau ba. Yakubu 1:27 kuma ya sa ziyarar marayu da gwauraye cikin sahihiyar ibada. Mukan cika gidan makoki a makon farko, amma wa ke komawa bayan wata uku?

Muna roƙon dattawan ikkilisiya, Zumuntar Mata da matasa, kowa ya zaɓi gida ɗaya ya ziyarta wannan mako. Ba sai da doguwar magana ba, zama tare ma ta'aziyya ce. Ubangiji ya buɗe idanunmu. Amin.