Wa Ke Biyan Kuɗin Mota Tsakanin Makoda da Birni?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a makarantun kwana, wato tsakanin 'yan birni da 'yan ƙauye. 'Yan birni su ce su ke da gadar sama da fitilun titi da manyan kasuwanni, mu kuwa mu ce in ba don geronmu ba da ba su sha fura ba. Ni ɗan ƙasar Makoda ne, a arewacin Jihar Kano, maƙwabtan Dambatta. A ganina birni da ƙauye tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne hanya da abin hawa. Saboda haka nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda wannan sufuri yake, da kuma wanda nauyinsa ke faɗawa a kansa.

Da farko dai, ƙasarmu ƙasa ce mai yawan jama'a. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida, ba wani dajin kirki da ya rage. Ba mai barin gonarsa ta huta, don haka dole a zuba mata taki kowace shekara, in ba haka ba a yi noman banza. A da jaki shi ne motar talaka. Mutanen ƙauyukan da ke kusa da ganuwa sukan kai itace birni a kan jakuna, su komo da mangaloli cike da takin bola. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai gyaɗa ta zama kuɗi, aka riƙa kwaso ta daga ƙauyuka a kan jakuna da raƙuma, daga baya kuma a manyan motoci, har aka tara dalar gyaɗar nan da muke karantawa a darasin tarihi. Ashe ke nan tun fil azal arzikin birni a bayan dabba ko a bayan mota yake shigowa daga karkara.

To, bari mu bi buhun wake guda ɗaya daga gonar wani manomi a yau. Da fari za a ɗora shi a amalanken shanu ko a bayan babur, a bi hanyar burji har bakin kwalta. Daga nan sai kasuwar Dambatta, wadda ke ci ranar Lahadi. A can ɗan dako zai sauke, a biya shi. Dillali zai haɗa ciniki, ya karɓi la'ada. Wanda ya saya zai nemi akori-kura, ɗan kamasho ya karɓi nasa, direba ya lissafa kuɗin mai da na faci da na gyaran mota. Sa'an nan buhun ya isa Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da ke bakin Kano, inda fatake ke zuwa daga kudancin Nijeriya da Nijar da Cadi. Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Duk waɗannan kuɗaɗe ya riga ya cire su daga farashin da ya taya wa manomi. Idan kuma takin zamani da sabulu da gishiri za su taho daga birni, ta wannan hanya za su biyo, amma a wannan karon ƙara kuɗin motar ake yi a kan farashi. Wato manomi sau biyu yake biyan kuɗin mota: ranar da zai sayar a rage masa, ranar da zai saya a ƙara masa.

Wannan magana ta fito fili a shekarar 2023. Ran 29 ga watan Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haye Naira 500, a 2024 kuma ta wuce Naira 1,000. Nan da nan kuɗin mota ya tashi, kome ya bi shi. Wasu 'yan birni sukan ce ai kakar manoma ce ta yanke saƙa, tun da hatsi ya yi tsada. Gaskiya ne mai rumbu cike ya samu. Amma ƙaramin manomi da kaka yake sayarwa, lokacin da hatsi ke araha, don ya biya bashin taki ko ya yi hidimar biki. Da bazara kuwa shi ma awo yake yi da tiya kamar kowa.

Sai kuma sufurin cikin birni, wanda shi ma ya shafe mu, domin da yawa daga masu tuƙin samarin karkara ne. A da 'yan acaɓa ne suka cika titunan Kano. A 2005, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka kawo babur mai ƙafa uku don ɗaukar mata, jama'a suka laƙaba masa sunan shirin gwamnatin na gyaran tarbiyya, wato A Daidaita Sahu. A watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni, sai A Daidaita Sahu ya gaje titi. Da direbobinsa suka yi yajin aiki a Janairu 2022 kan kuɗin rajistar hukumar KAROTA, mutane suka yi ta takawa a ƙasa, 'yan makaranta da 'yan kasuwa suka rasa abin hawa. Ranar ce birni ya san darajarsu.

Amma fa sana'ar ba kamar yadda ake hango ta daga ƙauye take ba. Yawancin direbobin ba su ne masu abin hawan ba. Kullum sai sun kai wa mai shi balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Bayan wannan ga mai, ga haraji, ga abinci, ga hayar ɗaki, har ruwan wanka sai an saya wurin 'yan garuwa. Ni ba na ƙin birni. A can manyan asibitoci suke, da Jami'ar Bayero, da Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi. Sai dai wanda ya sayar da gonar gado don ya sayi abin hawa, ya saki reshe ya kama ganye. Ci-rani irin na iyayenmu ya fi, a tafi bayan girbi, a komo kafin ruwan shuka.

Game da fasahar zamani kuwa, babu abin da ya kai wayar salula amfani a wurinmu tun da ta shigo Nijeriya a 2001. Yanzu manomi yakan buga wa ɗan'uwansa a Dawanau ya ji farashi kafin ya saki kayansa, don haka dillali ba ya yi masa rufa-ido kamar da. Ɗan ci-rani yakan turo kuɗi gida ta wurin mai POS, ba sai ya hau mota ba. Fitilar sola ma ta kori aci-balbal. Duk da haka, a farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, mun ga iyakar abin: takardar kuɗi ta yi wuya, mai akuya ba shi da asusun banki, mai saye ba shi da tsaba, ciniki ya tsaya. Daɗin daɗawa, waya tana kai magana, amma ba ta ɗaukar buhu.

To, mene ne mafita? A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi, wadda aka shata ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina. Jirgi yana ɗaukar kaya mai yawa da sauƙin kuɗi, amma ba ya shiga gona. Muddin hanyoyin ƙauyuka suna yankewa da damina, manomi ba zai kai ga tasha ba. Saboda haka ina roƙon hukuma ta kula da ƙananan hanyoyi da kwalbatoci kamar yadda take kula da gadojin sama. Manoma kuma su haɗa kai su ɗauki shatar mota guda, maimakon kowa ya biya nasa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kuma ƙarfafa noman rani a madatsar ruwa ta Tomas, samari su sami abin yi a gida.

Mu kuma ɗalibai, cikinmu ne za a sami injiniyoyi da malaman gona na gobe. Duk wanda Allah ya ɗora a kan kujera, ya tuna cewa kuɗin motar da aka ƙara a birni, daga rumbun talaka ake ɗebo shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye matafiya, amin.