Wakili, Waliyyi da Magaji: Kalmomin da Kan Rikita Iyalin Ɗan Kasuwa Idan Tsufa Ya Zo

ABUJA – A unguwar Maitama akwai hukumomi uku da ba su da nisa da juna, wato hedkwatar Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, da hedkwatar Babbar Kotun Birnin Tarayya, da kuma Asibitin Gundumar Maitama. Yawancin 'yan kasuwa sun san hanyar ta farko. Sauran biyun kuwa, sau da yawa iyali ne kan fara sanin hanyarsu, a ranar da maigida ya kwanta ciwo, aka tashi neman wanda zai sa hannu a madadinsa. A ranar ne akan gane cewa kalmomin da ake ta furtawa a gida, kamar wakili da waliyyi da magaji, kowace tana da ma'anarta a wajen banki da kotu da likita, kuma kowace tana da lokacin da take aiki da lokacin da take faɗuwa.

A ɗauki misalin attajirin da ya ba shekara saba'in baya, yana da shaguna da gidajen haya da ajiya a bankuna biyu, sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ko kuma gigin tsufa ya fara taɓa shi. Yana da rai, saboda haka babu maganar gado. Amma ba ya iya sa hannu, ko kuma ba ya gane abin da yake sa wa hannu. Albashin yaran shago yana jira, asibiti yana jira, kuɗi kuma suna nan a banki babu mai ikon taɓa su.

Abu na farko da iyali kan tuna shi ne sunan da maigida ya rubuta a takardar buɗe ajiya, a gurbin ɗan'uwa mafi kusa. Mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta a nan shi ne magaji. Ba haka ba ne. Wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai idan wani abu ya faru. Ba ya ba shi ikon cire ko kwabo yayin da mai ajiya ke da rai, ba ya kuma mayar da shi mai dukiyar bayan rasuwa.

Sai takardar wakilci, wadda lauya kan rubuta, inda mutum ke ba wani izinin ya karɓi haya ko ya sayar ko ya sa hannu da sunansa. Mazauna Abuja sun san ta ƙwarai, domin da ita ake yawan cinikin filaye, har akan kai ta hukumar AGIS a yi mata rajista. Amma tun 1993 Kotun Ƙoli ta bayyana, a shari'ar Ude da Nwara, cewa wannan takarda izini ce na yin aiki da sunan wani, ita kaɗai ba ta mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu. Abin da ya fi muhimmanci ga mai shirin tsufa shi ne, bisa ƙa'idar da Nijeriya ta gada daga dokar Ingila, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa idan mai bayarwa ya rasu ko hankalinsa ya gushe. Dalili kuwa a fili yake: wakili hannun mai dukiya ne, ba ya iya yin abin da mai dukiyar da kansa ba shi da ikon yi. Sakamakon haka shi ne takardar tana mutuwa daidai lokacin da aka fi bukatarta. Ita Ingila ta toshe wannan kafa, dokar da ta yi a 2005 ta tanadi wakilci mai ɗorewa bayan gushewar hankali, ɗaya domin dukiya, ɗaya domin jinya. Ɗan kasuwar da ke da gida a Landan zai iya amfani da wannan a can, amma kada ya ɗauka takardar da aka rubuta masa a Abuja ita ma haka take.

Idan hankali ya riga ya gushe, magana ta koma kan waliyyi, kuma kotu ce ke naɗa shi. Wakili mai dukiya ne ya zaɓe shi, yana kuma iya sauke shi duk ranar da ya ga dama. Waliyyi kuwa alƙali ne ya ɗora shi, ga alƙali zai ba da lissafi, kuma ba shi da ikon kyauta da dukiyar da aka ba shi riƙo. Malaman fiƙihu suna kiran hana mutum sarrafa dukiyarsa saboda ƙuruciya ko almubazzaranci ko taɓin hankali da suna hajaru. Tsarin mulkin 1999 ya amince da wannan fage: sashe na 262 ya sanya riƙon Musulmin da ya raunana a jiki ko a hankali, da ciyar da shi, cikin al'amuran da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Birnin Tarayya ke da hurumi a kansu, tare da wakafi da kyauta da wasiyya da gado. Sashe na 277 ya yi irin wannan tanadi ga jihohi. Hanyar tana nan, sai dai ba mai sauri ba ce. Ana bukatar shaidar likita, ana bukatar zaman kotu, kuma a gidan da ke da ɗakuna uku ko huɗu, zaɓen waliyyin kansa yakan zama wata sabuwar shari'a.

A nan ne siffar kasuwancin take da tasiri. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, shi da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka, in ya kwanta kasuwancin ya kwanta. Kamfani kuwa yana da rayuwarsa dabam da ta mai shi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, ƙaramin kamfani kuma yana iya zama da darakta ɗaya. Sauƙi ne babba ga mai fara sana'a, amma ga dattijo tarko ne, domin dokar ta ce kujerar darakta tana faɗuwa idan hankalinsa ya gushe. Darakta na biyu, da mutum na biyu mai ikon sa hannu a banki, sun fi yawancin takardun da ake biyan lauya kuɗi masu yawa a kansu amfani.

Wasu iyaye kan zaɓi su raba dukiya tun da ransu. Wannan kyauta ce, ba gado ba, kuma a mazhabar Malikiyya ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa a hannu tun mai bayarwa yana da lafiya. Gidan da aka ce an ba 'ya mace, amma uba ya ci gaba da karɓar hayarsa har ya rasu, yana iya komawa cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, wato ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji sai da yardar sauran magada. Wasiyya irin ta dokar Ingila ta 1837 dabam take: a rubuce, da sa hannu a gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaidan da aka yi wa rabo a cikinta ya rasa rabon. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yunusa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Musulmi yana iya rubuta irin wannan wasiyya ba tare da iyakar sulusi ba, abin da ya sa daga baya wasu jihohi suka yi dokokin da suka taƙaita hakan.

Ko da an yi rabon gado a gaban malamai, banki ba zai saki ajiyar mamaci ba sai da takarda daga kotu. Idan akwai wasiyya, sashen rajistar wasiyya na babbar kotu ke tabbatar da ita. Idan babu, sai a nemi takardar izinin gudanar da dukiyar mamaci. Haka dokar fansho ta 2014 ta tanada game da asusun ma'aikacin da ya rasu. Dokar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, da inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Mai ritaya kuma yana zaɓa tsakanin ɗiba kaɗan-kaɗan daga asusunsa, inda ragowar ke zama ta magada, da sayen biyan wata-wata har ƙarshen rai daga kamfanin inshora. Tun 2019 hukumar PenCom ta buɗe ƙofar wannan tsari ga masu sana'ar kansu.

A ɓangaren jinya, kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce yarda. Likita ba ya yi wa baligi mai hankali aiki sai ya yi masa bayani ya amince, kuma matsayin babban ɗa ba ya shafe wannan haƙƙi. Inda mara lafiya ba ya iya magana, ga iyali ake komawa, kuma a nan ne saɓani kan tashi: a fita da shi waje ko a bar shi gida, a ci gaba da na'urar numfashi ko a'a. A Amurka da Turai mutane kan rubuta nufinsu game da irin wannan tun suna da lafiya. A nan ma, takarda mai sa hannu da shaidu, da sunan mutum ɗaya da zai yi magana da likitoci, tana rage gardama a bakin ɗakin jinya. Kulawar sassauta ciwo, wadda ake yi wa wanda cutarsa ba ta warkewa, ba yanke ƙauna ba ce kamar yadda wasu iyalai ke ɗauka, fanni ne na likitanci mai zaman kansa.

Su wa za su biya? Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a suke fitowa kai tsaye. Dokar da ta kafa hukumar NHIA a 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma lissafa tsofaffi cikin masu rauni da aka tanadar wa asusu na musamman. Amma mai sayen inshora mai zaman kanta ya kamata ya karanta wurare biyu kafin ya biya: iyakar shekarun shiga, da sharaɗin cutar da ya riga ya zo da ita. Hawan jini da ciwon sukari suna cikin cututtukan da wannan sharaɗi kan shafa, kuma su ne suka fi kai dattijo asibiti.