Ƙasar Ɗakin Gizo-gizon Hamada

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kada ku yi dariya. A Amurka akwai masu kiwon gizo-gizo cikin akwatin gilashi, kamar yadda muke kiwon tantabara. Ɗaya daga cikin irin da suke kiwo shi ne tarantula, ƙato mai gashi, ɗan hamadar Sonora ta jihar Arizona da arewacin Meksiko. Macensa takan wuce shekara 20 in ta sami kulawa.

Kuskuren sabon mai kiwo shi ne yawan yayyafa ruwa, wai tausayi. Ƙasar da za a shimfiɗa masa, a gauraye da zaren ɓawon kwakwa, busasshiya ake so. Damƙi kaɗan a hannunka. In ta dunƙule, laima ta yi yawa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa takan yi fumfuna, shi kuma ya ƙi taka ta, ya haye gilashi. In ya faɗo, cikinsa na iya fashewa ya mutu.

Amma fa kada a bar shi da ƙishirwa. A ajiye masa ɗan kaskon ruwa a kusurwa. Ƙananan 'ya'yansa kuwa saurin bushewa gare su, sai a riƙa ɗan jiƙa musu gefe guda.