Masu farautar taurarin leƙen asiri da madubin hangen nesa

A 1983 Amurka ta daina bayyana hanyar da taurarin ɗan Adam na leƙen asirinta ke bi a sararin samaniya. To amma fa akwai abin da ba ta iya ɓoyewa: hasken rana. Bayan magariba da kuma gab da asuba, ƙasa na cikin duhu alhali rana na haska abin da ke can sama, sai ka ga tauraron yana tafiya a hankali, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi.

Wannan ɗan lokacin ne wasu tsirarun mutane a Kanada, Birtaniya, Holan da Afirka ta Kudu ke dako. Kayan aikinsu ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: madubin hangen nesa mai ido biyu, agogon awon daƙiƙa da taswirar taurari. Mutum zai zaɓi taurari biyu da ya san matsayinsu, ya jira baƙon ya ratsa tsakaninsu, nan take ya danna agogo. Daga nan ya rubuta lokacin, da wurin, da inda shi kansa yake tsaye. Aikin na son natsuwa, domin tauraron da ke kusa da ƙasa yana cin fiye da kilomita 7 a daƙiƙa guda. Ka yi jinkirin daƙiƙa ɗaya, lissafi ya tashi. Idan aka haɗa rahoton mutum uku ko huɗu daga ƙasashe daban-daban, sai a fitar da hanyar tauraron, har a faɗi inda zai ɓullo gobe.

Sana'ar ta daɗe. Fred Whipple ne ya kafa shirin Moonwatch a 1956, kuma 'yan sa-kansa na cikin waɗanda suka bi sawun Sputnik a 1957.

Ted Molczan na Toronto da abokansa sun daɗe suna bibiyar USA-193, tauraron da ya lalace, kafin Amurka ta harbo shi a Fabrairun 2008. A Agustan 2019 kuma, da Donald Trump ya wallafa hoton dandalin harba roka na Iran, Marco Langbroek na Holan ya duba lissafin da aka tara, ya nuna USA-224 ne ya ɗauki hoton.

Jami'an tsaro ba sa jin daɗin wannan tonon silili. Su kuwa masu duban amsarsu ɗaya ce: abin da mutum ya gano daga bayan gidansa da madubi, ai China da Rasha masu manyan na'urori sun riga shi gani.