Allon da Ake Wankewa a Sake Rubutawa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko ya tsaya bakin titin Ƙauran Namoda da hantsi sa'ad da yara ke tururuwa zuwa makaranta, ko ya halarci walimar saukar Alƙur'ani a wata Islamiyya ta Zurmi, lalle idonsa zai faɗa kan aikin waɗansu mutane da ba kasafai ake ambatonsu ba in ana lissafin masu sana'a, wato masu buga tambari da rubutu a jikin tufafi da buhuna da alluna. Su ne ke sa bajo a aljihun rigar ɗan firamare, da sunan makaranta a bayan hijabin ɗaliba, da lamba a rigar ɗan ƙwallo, da ɗan rubutun tunawa a hankici ko jakar da ake rabawa wurin biki. Abin da ya fi jan hankalina a sha'aninsu kuwa, shi ne irin ladabin da suke yi wa kayan aikinsu, domin a ganina daga makarantar allo suka gado shi, ko da su kansu ba su lura ba.

Asalin wannan aiki a ƙasarmu yana da dangantaka da fatauci, domin tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Gusau, ta zo ta tuƙe a Ƙauran Namoda a shekarar 1929, sai garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga na ƙasar Zamfara, kuma tilas kowane buhu da kowane ƙunshi ya ɗauki shaidar mai shi kafin ya shiga tarago. A kan yanke haruffa a fallen kwano, a ɗora bisa buhu, a goga baƙin fenti, a ɗaga. Falle ɗaya sai ya yi shekaru yana aiki. Ita kuwa hikimar tura launi ta cikin raga, tsohuwa ce ƙwarai a ƙasar Sin, kuma a 1907 wani Bature mai suna Samuel Simon ya yi rajistar yin ta da ragar siliki a birnin Manchester, inda a wancan zamani audugar ƙasashenmu ke ƙarewa a masaƙu. Yarabawan Abeokuta ma sun daɗe suna yanke zane a fallen ƙarfe don yin adire.

A yau kayan aikin iri biyu ne. Na farko shi ne yankakken tambari, wanda ake yi da kwali in aikin na yini ɗaya ne, in kuwa ana so ya daɗe sai a nemi tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, saboda ruwa ba ya cin sa, reza kuma tana ratsa shi salin-alin. A nan ne ake gane gwani, domin harafin da ke da ciki, kamar O ko B ko D, in aka zagaye shi da reza gaba ɗaya sai cikinsa ya faɗo, ya bar rami kawai. Saboda haka wajibi ne a bar masa 'yan siraran gadoji da za su riƙe cikin. To, in an zo ga rubutun Larabci ko ajami, inda haruffa ke riƙe da hannun juna, ga mimi da wawu da sadi kowane da idonsa, ga ɗigo sama da ƙasa waɗanda in ɗaya ya ɓace ma'ana ta sauya, sai aikin ya koma na mai haƙuri da sanin ƙa'idar rubutu, shi ya sa galibi za ka tarar wanda ya fi iya yankan nan ya taɓa riƙe alƙalamin kara a gaban malam.

Na biyu shi ne raga, wadda ake ɗaurewa tamau a firam ɗin katako har in ka ƙwanƙwasa ta yi amo kamar fatar kalangu. A kan shafe ta da wani magani mai jin haske a cikin ɗaki mai duhu-duhu, a bar ta ta bushe, sa'an nan a buga zanen da baƙar tawada a takarda, a shafa wa takardar mai don haske ya ratsa ta, a manna ta a ragar, a danne da gilashi, a fitar rana na ɗan lokaci. Inda rana ta taɓa sai maganin ya daskare, inda baƙin rubutu ya kare kuwa sai ruwa ya wanke shi, ƙofar fenti ta buɗe. Rana dai Allah ya hore mana ita a wannan yanki, amma sanin gwargwadonta, tsakanin ta bazara mai ƙuna da ta hunturu mai hazo, ilmi ne da ba a samu sai da ɓarnar raga biyu ko uku.

Babban abin da maigida ke fara koya wa yaronsa, tun kafin ya yarda ya miƙa masa robar jan fenti, shi ne wanki. Fenti in ya bushe a idon raga ya zama ajalinta, balle a lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke shanye danshi kafin a ƙifta ido, ƙura kuma tana sauka kan komai. Za ka ji maigida yana cewa, "Kai ɗan nan, wanke ta tun ba ta sha iska ba, tuwon ba gudu zai yi ba," yaron kuma ya amsa da "To, Maigida," ya ɗauki soso mai laushi. Fentin ruwa da ruwa ake wanke shi, na mai kuwa sai da kananzir, kuma ba a kankare raga da farce ko da ƙarfe. In an gama sai a ɗaga ta sama a dubi haske ta cikinta, ido bayan ido, a shanya ta a inuwa, a jingine ta tsaye ko a rataye ta a ƙusa, nesa da ƙasa saboda gara da danshin damina mai karkatar da katako. Yankakken fim kuma a kan goge shi, a shimfiɗa shi tsakanin takardu don kada gadojinsa su karye.

Idan aikin wata raga ya ƙare, sai a zuba mata ruwan bilic, maganin ya narke, ta koma fara kamar ba a taɓa rubutu a kanta ba, a sake ɗora mata wani, daidai yadda almajiri ke wanke allonsa in ya haddace abin da ke kai, ya kai wa malam a biya masa na gaba. A nan ne tarbiyyar allo ke fitowa fili, domin mai tsoron Allah daga cikinsu, in ragar tana ɗauke da aya ko sunan Ubangiji, kamar yadda tambarin makarantun Islamiyya ke yawan ɗauka, ba ya yarda ruwan wankinta ya gangara kwata. Sai ya tare shi a kwano, ya kai gindin bishiya ko wani wuri mai tsarki ya zuba, ba ya kuma barin ragar a ƙasa inda ƙafa za ta tsallake ta. Ni kam ina ganin wannan kiyayewa ta cancanci yabo, kuma raina kan ɓaci in na ga yagaggen ƙyalle mai ɗauke da aya yashe a bola bayan an watse daga taro.

Akwai kuma ragar da ba a wankewa da bilic, wadda ta zama amana, kamar ta makarantar da kowace shekara ke dawowa da sababbin riguna. A kan rubuta sunan mai ita a gefen katakon a ajiye, shekarar kuma a yanke ta daban a ɗan guntun fim, don a sauya lamba kawai ba tare da an taɓa uwar tambarin ba. Haka lambobin 'yan ƙwallo, inda shida in an juya ta take zama tara. Wannan tattali ya ƙara muhimmanci a shekarun nan na rashin tsaro, domin raga da magani da fenti daga Gusau ko Kano ake sayo su, hanyar Shinkafi da ta Zurmi kuwa ta zama sai da addu'a. A cikin watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar Zamfara, wanda ya adana tsofaffin ragunansa shi ne ya iya sauko da su daga ƙusa, ya karkaɗe ƙura, ya duba idanunsu a hasken ƙofa, ya ci gaba da buga bajon 'yan makaranta a duk sa'ad da aiki ya samu.