Mamayar Masu Hali da Sauyin Launin Fata a Unguwar Shaw ta Birnin Washinton

Gabatarwa

A shekarar 1964 ne masaniyar zamantakewa Ruth Glass ta bayyana yadda masu abin hannu ke sayen tsofaffin gidajen leburori a wasu unguwannin Landan, su gyara su, har tsada ta kori mazaunan asali. Wannan maƙala ta kira lamarin "mamayar masu hali", ta kuma nazarci yadda ya auku a unguwar Shaw da ke Washinton, babban birnin Amurka. Manufarta ita ce nuna cewa hauhawar kuɗin shiga a alƙaluman unguwa ba hujja ba ce ta cewa tsofaffin mazaunanta sun samu sauƙi.

Tushen Unguwar

Wariyar launin fata ce ta tattara baƙar fata a Shaw. A unguwanni da dama, takardun cinikin gida sun haramta sayar musu, har sai da Kotun Ƙoli ta hana kotuna aiwatar da irin wannan sharaɗi a 1948. Don haka likitoci da lauyoyi da malamai suka zauna maƙwabtaka da leburori. Jami'ar Howard, wadda aka kafa a 1867, da gidajen kiɗa na Titin U, suka mayar da yankin cibiyar ilimi da fasahar baƙar fata. A wannan yanki ne mawaƙi Duke Ellington ya tashi.

Ƙaura Biyu

Ƙaura ta farko ta biyo bayan tarzomar da ta ɓarke a Afrilun 1968 sakamakon kisan Martin Luther King, wadda ta ƙone shaguna a Titi na 7 da na 14. A watan ne aka sanya hannu kan dokar hana wariya a harkar gidaje. Baƙar fata masu hali suka riƙa komawa bayan gari, musamman gundumar Prince George's ta jihar Maryland. Mutanen birnin suka ragu daga kimanin 802,000 a 1950 zuwa 572,000 a 2000. Gidaje suka zama kufai, filaye suka yi araha.

Wannan arahar ce ta share fagen ƙaura ta biyu. Kamar yadda Neil Smith ya nuna a 1979, jari yakan dawo unguwa idan tazara ta faɗaɗa tsakanin abin da fili ke samarwa da abin da zai iya samarwa in an sake gina shi. Buɗe tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Shaw da Titin U a 1991 ya ƙara wa yankin daraja, sababbin mazauna masu ilimi da albashi mai tsoka suka shigo, da yawansu farar fata. Baƙar fata, waɗanda su ne kashi 71 cikin ɗari na mutanen birnin a 1970, sun koma kimanin kashi 41 a 2020.

Abin da Alƙaluma Ke Ɓoyewa

Ƙidaya tana auna waɗanda ta tarar a unguwa ne, ba ta bin sawun waɗanda suka tashi. Idan ɗan haya mai ƙaramin albashi ya fita, babban ma'aikaci ya maye gurbinsa, matsakaicin kuɗin shigar unguwar zai hau ba tare da an ƙara wa kowa ko sisi ba. Ribar ma ba ta rabu daidai ba. Wanda ya mallaki gida ya ga darajarsa ta ninka, ko da yake harajinsa ya ƙaru, shi kuwa ɗan haya tsada kaɗai ya gani. Dokar birnin ta 1980 ta ba 'yan haya damar fara taya gidan da za a sayar, sai dai amfani da damar yakan yi wa wanda ba shi da jari wuya.

Kammalawa

Wajibi ne mai nazarin irin wannan unguwa ya raba kuɗin shiga bisa launin fata, da mallakar gida ko haya, da daɗewar zama, sannan ya bibiyi inda waɗanda suka tashi suka koma. In ba haka ba, zai ɗauki musayar mutane a matsayin bunƙasar arziki.